Tukunyar da Na Kifar Ranar Suna

Safiya, tun da na fara rubuta muku wannan tarihi nake kewaye wannan babi. Na rubuta ƙuruciyata a Jega Magaji, na rubuta karatuna a Sakkwato, na rubuta yadda muka haɗu da babanku, duk ban sha wahala ba. Da na iso nan sai na ajiye biro har wata biyu, ina cewa idona ne ke ciwo. Ba ido ba ne. Ke da ƙannenki kun tsinci labarin nan a bakin mutane gutsure-gutsure. Wasu sun ce muku kakarku Inna ce ta yi ajalin mahaifiyarki Rabi da kunun kanwa, wasu sun ce ni ce da ɗagawar 'yan boko. Na ji duka biyun na yi shiru, don na gaji da magana tun kafin ki yi wayo. Amma yanzu ke ma kin sa fararen kaya kin kama aikin asibiti, kuma rannan na ji yadda kike yi wa wata tsohuwa faɗa a kan maganin jikanta, na ji muryata sak a bakinki. Shi ya sa na sake ɗauko biron.

Abin ya faru ne shekarar da ta biyo bayan raba mu da Sakkwato, lokacin jihar Kebbi ko rarrafe ba ta fara ba. Duk ma'aikacin da ya fito daga wannan ɓangare an ce ya tattara ya koma gida, ni kuma takardata ta faɗa Maiyama. Asibitin ɗaki uku ne da rumfa, gadon haihuwa ɗaya, ma'aunin jini ɗaya wanda sai na danne robarsa da yatsa kafin ya yi aiki. Ni ce nas, ni ce ungozoma, wata rana ni ce mai shara. Babanku yana koyarwa a Jega, don haka nakan yi kwana biyar a Maiyama, ƙarshen mako in shiga motar haya in dawo gida. Ina da shekara talatin da 'yan kai, ina da takardar shaida a cikin leda, kuma ina ganin duk abin da ke damun mutanen ƙasarmu rashin sani ne kawai. A tunanina idan aka gaya wa mutum gaskiya da babbar murya, an gama aiki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a Maiyama shi ne masu jego. Mace za ta haihu lafiya a hannuna, in sallame ta tana dariya, bayan mako huɗu ko shida a dawo mini da ita a amalanke, ƙafafu sun kumbura, ciki ya tara ruwa, ba ta iya kwanciya sai dai zama, tana neman numfashi. Zuciya ce ta gaza. Wani likita da na yi aiki a ƙarƙashinsa a Sakkwato ya koya mana cewa abubuwan da muke yi wa mai jego suna ƙara wa zuciya nauyi: kunun kanwa safe da yamma, wanka da tafasasshen ruwa da ganyen dogon yaro har kwana arba'in, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zafin kuma yana sa zuciya gudu. Ku da kuka tashi a wani zamani ba lallai ku san nauyin wannan al'ada ba. A wurin iyayenmu, macen da ta haihu ɗanyen jiki gare ta, idan ba a gasa ta ba sanyi zai shige ta, ta kumbura ta mutu. Kun ga inda matsalar take. Kumburin da ni nake cewa kanwa da zafi ne suka kawo shi, su suna cewa ƙarancinsu ne ya kawo shi. Idan mai jego ta fara kumbura, sai a ƙara itace a murhu.

Ranar awo nakan tara masu ciki a rumfa, in kafa takarda mai hoton zuciya, in yi ta bayani har maƙogwarona ya bushe. Su kuwa kansu a sunkuye, suna wasa da bakin mayafi. In ce kun gane, su ce sun gane. In ce za ku sha kanwa, su ce ba za su sha ba. In koma ɗaki ina jin na yi aikin lada. Ban taɓa tambayar kaina ba ko yarinyar da ta yi haihuwar fari a ɗakin uwarta ita ce ke hura wutar, ko ita ce ke dama kunun. Masu damawar suna can gindin bishiya a ƙofar asibiti, suna jiran in gama surutu su tafi da 'ya'yansu, kuma ko sannu ban cika yi musu ba.

Sai kun san yadda muke da Inna za ku gane sauran. Ni ce 'yarta ta fari, kuma kun san kunyar ɗan fari a wajenmu. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba har ta koma ga Allah. A hannun kakata na tashi, idan na shiga ɗakin Inna sai ta kau da kai ta ce ke. Da na kama aiki ta koma kirana Malama, akwai girmamawa a ciki akwai zolaya. Ba mu taɓa zama mun yi hira mai tsawo ba. Rabi kuwa auta ce, na ba ta shekara goma sha uku, ita ce ke kwanciya a cinyar Inna a yi mata tsifa, ita ce ake ajiye wa ƙanzon tukunya. Ban taɓa jin haushi ba, don ni ma 'yar lelena ce. Ba a iya fushi da Rabi, tana da wata dariya da ke fara fitowa ta hanci kafin ta iso baki. Inna kuma abu ɗaya aka san ta da shi a unguwarmu, shi ne hannunta a kan jego. Ba ta yi karatu ba, ba ta da wata babbar sana'a, amma duk gidan da aka haihu sai an aiko ta zo ta duba ruwa ta ɗanɗana kunu. Mata kan ce wadda Inna ta gasa ba ta ciwon baya har tsufa. Da wannan kaɗai take taƙama a duniya, ni kuwa ban taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba.

Rabi ta auri Mamman, mai fataucin albasa a Aliero, mutumin kirki mara yawan magana. Da cikinta na fari ya shiga wata bakwai aka kawo ta gida goyon ciki kamar yadda ake yi. Na auna ta a ɗakin Inna, na ga jininta ya hau, ƙafafunta sun ɗan tasa. Irinsu ne ake dawo mini da su a amalanke. Na ja ta gefe.

"Rabi, in kin haihu ba ki shan kunun kanwa, ba ki hawa gadon wuta. Kin ji ni?"

"Na ji, Yaya. Amma ki hwaɗa ma Inna da kanki."

"Ke ba ki da baki?"

"Ina da shi, na cin tuwo na," ta ce, tana dariyar nan tata. "Ni in ce ma Inna ba ni shan kununta? Ke da kike Malama ki gwada mu gani."

Ban gwada ba. Abin da na yi shi ne na tsaya a bakin ƙofa, Inna tana tankaɗe, na ce wa iska likita ya hana masu hawan jini shan kanwa. Inna ba ta ɗago ba.

"Allah shi ba likita lahiya," ta ce.

Na ɗauki jakata na tafi, a raina na isar da saƙo.

An haife ki ranar Talata da hantsi, a hannuna, lafiya lau. Na yi kwana biyu na koma Maiyama, ban dawo ba sai ranar suna. Na tarar da gida cike da mata, 'yan unguwa da dangi da surukai daga Aliero, har da Hajiya uwar Mamman a kan sabuwar tabarma. Na wuce ɗakin mai jego. Zafin da ya buge ni a bakin ƙofa ya sa na ja da baya. Rabi tana kwance a kan gadon ƙasa, gumi na zuba, bayanta ya yi ja har ya fara tashi saboda ruwan wanka, ga ƙwaryar kunu a gefenta an sha fiye da rabin abin da ke ciki. Na ɗaura mata ma'auni. Jinin ya wuce inda na bar shi. Daga nan ban ƙara yin tunani ba. Na fito tsakar gida, na hangi Inna a durƙushe gaban wata 'yar tukunya da ta ware daban da ta baƙi, kunun mai jego ne, mai kanwa da yawa, tana juya shi da ludayi. Na sa ƙafa na ture tukunyar. Kunun ya malale har kan ƙafar Inna.

"Kashe ta za ki yi da jahilci?" na ce.

A gaban surukanta na faɗi haka, a gaban matan da ta yi wa jego su da 'ya'yansu. Har masu daka suka tsaya. Inna ta miƙe a hankali, ta ɗauki buta ta wanke ƙafarta inda kunun ya ƙone ta, ta tsinci ludayin ta ɗauraye. Ba ta dube ni ba, dama ba ta saba ba.

"Malama ta yi gaskiya, mu jahilai na," ta ce wa matan. "Ku yi haƙuri, a ci gaba da sha'ani."

Aka ci gaba. Ni kuma na sa aka kwashe wutar gadon, na ba Rabi ƙwayoyin magani, na rubuta dokoki biyar a takarda na manna a bango, a ɗakin da babu mai karatun boko sai ni. Ƙarshen mako na dawo na tarar gado a sanyaye, babu kunu, babu ko toka. Rabi tana zaune da safa a ƙafa da zani har ƙasa, ta ce ta ji sauƙi. Na so in auna ta, ta ce in bari ta gama ba ki nono, daga nan baƙi suka shigo, na manta. Mako na biyu ma haka. Na ji daɗi ƙwarai, na ce wa babanku wani lokaci sai da faɗa ake gyara mutane. Ban san cewa kowa a gidan ya san ranar zuwana ba, tun jajiberi ake kashe wuta a share toka.

A mako na uku aka aiko daga ƙauyen Kuberi cewa wata mai jego ta fara kumbura kuma an ƙi kawo ta. Wadda ta zo da saƙon Iya Tumba ce, tsohuwar ungozomar ƙauyen, wadda kan zo asibiti karɓar reza da auduga. Gajeruwa ce mai goro a baki kullum, kuma ban taɓa ɗaukar ta abokiyar aiki ba. Muna tafe a bayan motar da ke kai mutane ƙauye ta dube ni.

"Labarinki ya riga ki zuwa, direbobi sun kawo shi. Sun ce kin kihe ma uwarki tukunya."

Na ce ceton rai nake yi.

"To. Yau dai ki bar bakinki cikin jaka tare da abin awonki. In na ce ki hiddo, ki hiddo."

Da muka shiga gidan Iya Tumba ba ta nufi mara lafiya ba. Wurin uwar yarinyar ta nufa, ta zauna a ƙasa, suka yi ta gaisuwa, gida da gona da shanu da gajiyar jego, ni ina ta duba agogo. Ta yaba tsabtar ɗakin, ta yaba yawan itacen da aka tara, ta ce ba kowace uwa ke wannan wahala ba a zamanin nan. Sannan ta tambaye ta abin da ban taɓa tambayar kowa ba.

"Mi kike tsoro?"

Matar ta fashe da kuka. Ta ce babbar 'yarta haka ta kumbura ta tafi, kuma mutane sun ce don ba a gasa ta sosai ba ne, wannan karon ta rantse ba za a ce ta yi sakaci ba. Iya Tumba ta bar ta ta gama. Sannan ta ce in auna yarinyar, ta sa uwar ta riƙe robar da hannunta, ta ga yadda allurar ke hawa.

"Kin gani? Ɗiyan yanzu jikinsu ba shi ɗaukar kanwa kamar namu. Mu ƙarhe muke. To ke da kis san jego, mi za mu ba ta wanda ka korar sanyi ba kanwa ba?"

Matar ta ce kunun tsamiya, a sa citta da kanumfari da masoro. Iya Tumba ta ce wallahi ita ba ta tuna da wannan ba, alhali na san ta tuna. Aka zo maganar wanka, ba ta ce a daina ba, ta ce uwar ta riƙa tsoma gwiwar hannunta, inda ta iya jurewa nan ne daidai. Kafin la'asar matar da kanta ta ce a kai 'yarta asibiti Malama ta duba ta da kyau, ita za ta bi da tukunyarta. Yarinyar ta rayu, har ta yi jikoki. A hanyar dawowa Iya Tumba ta tofar da goro ta ce mini:

"Tsohuwa abu guda gare ta a hannu. Kin zo kin hizge, ba ki sa mata komi ba. Da mi kike so ta tsaya gaban mutane?"

Ni kuwa ba Kuberi nake gani ba, tsakar gidanmu nake gani. Ban jira ƙarshen mako ba. Washegari na sayi goro da citta da kanumfari, na shiga mota zuwa Jega, ina ta shirya yadda zan durƙusa in gaida Inna, in tambaye ta abin da take tsoro. Na tarar da ɗakin mai jego a share, an naɗe tabarma. Inna tana tsintar shinkafa a inuwa.

"Ina Rabi?"

"Tana ɗakinta, Aliero."

"Arba'in ba ta cika ba, Inna."

"Ƙahwahunta sun tasa," ta ce, idonta a kan faifai. "Sanyi ya shige ta, don wankan ɓoye ba wanka ba na. Ran da kike gari ba a yi, ran da ba ki nan a yi da sauri. Uwar mijinta tac ce a kai mata ita inda za a gasa ta da kyau, inda ba mai kihe tukunya. Yau kwana biyat."

Ƙunshin goron yana hannuna, ban miƙa mata ba. Na juya na nufi tasha. Na isa Aliero bayan azahar, ana ta loda buhunan albasa a bakin hanya. A gidan su Mamman na tarar da Rabi a kan gadon wuta, an jingina ta da bango don ba ta iya kwanciya. Fuskarta ta cika, leɓenta ya canza launi, kowace kalma sai ta huta kafin ta faɗi ta gaba. Kalmar farko da ta ce mini ita ce, "Yaya, kada ki yi hwaɗa."

Ban yi ba. Na fita na durƙusa gaban Hajiya, na gaishe ta kamar yadda na ga an yi a Kuberi, na gode mata da ɗawainiya, na tambaye ta yadda take ganin jikin yarinyar. Ko minti goma ba mu yi ba. Ashe tsohuwar a tsorace take.

"Kwana ukku ban yi barci ba," ta ce. "Na ga abin ga ya hi ƙarhina. Mamman ya ce a aika maki, nic ce a'a, kada ki zo ki zage mu cikin gidanmu kamar yadda kiy yi ma uwarki. Ki ɗauke ta, ɗiyata, ki kai ta inda kis sani."

Wannan magana ita ce ba ta bar ni ba har yau. Kwana uku suna son kirana, tsoron bakina ya hana su. Mamman ya sa aka sauke albasa daga wata mota, muka shimfiɗa katifa, muka kai ta babban asibiti a Birnin Kebbi. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, ba ni da abin cewa a kansu. Ruwan ya ɗan ragu, har ta iya magana. Wata rana da hantsi ina goge mata fuska na kasa haƙuri, na tambaye ta me ya sa ta ɓoye mini ƙafafunta a cikin safa.

"In na nuna maki, ki yi ma Inna hwaɗa. In na ƙi kunu, Inna ta shiga ɗaki ta yi kuka. Sai in sha maganinki da sahe, in kora da kununta, kowa shi ji daɗi." Ta so ta yi dariya, tari ya hana ta. "Kun gajiyad da ni, ku biyun."

Kwananta tara a asibitin. Ranar ƙarshe ta ce in riƙe ki, kada in bari a yi ta yawo da ke gida-gida. Bayan la'asar ta cika. Mamman bai yi mini gardama a kanki ba, Allah ya saka masa, haka kika zama tawa kina da kwana talatin da 'yan kai.

Bayan sadakar bakwai, da mutane suka watse, ya rage ni da Inna a gida. Ina wanke kwanukanki a bakin rijiya ta zo ta tsaya a kaina. Tunda nake ba ta taɓa tsayawa kusa da ni haka ba, kuma ranar ta dube ni ido cikin ido.

"Ke da kiy yi karatu, hwaɗa mani gaskiya. Kunun na?"

Safiya, kwanana goma sha shida ban yi barcin kirki ba, zuciyata cike take da haushin kowa, har da na kaina. Na riga na ga yadda ake magana da tsohuwa mai tsoro, na gani da idona, na ma gwada ya yi aiki. Na san abin da ya kamata in ce. Ya kamata in ce kwana ne ya ƙare, in ce mu duka mun so ta, in ce ni ma da nawa laifin. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne:

"Ai na hwaɗa maki, Inna."

Ta gyaɗa kai.

"Haka na. Kin hwaɗa mani."

Ta koma ɗaki. Daga ranar ba ta ƙara dama wa wata mai jego kunu ba, ba ta ƙara duba ruwan wanka ba. Idan aka aiko daga gidan haihuwa sai ta ce a je wurin Malama. Da aka haifi ƙannenki ko barka ta zo sai ta zauna nesa da murhu, hannuwanta a cinya. Kuna cewa kakarku ba ta da sakewa, ba ku san yadda take a da ba.

Ni kuwa na koma Maiyama na sauke takardar nan mai hoton zuciya. Na koma gindin bishiya wurin tsofaffin, ina gaishe su, ina tambayarsu, ina barin su faɗi dabarar da kansu. Haka na yi ta yi fiye da shekara ashirin, a Maiyama da Kimba da sauran wuraren da aka tura ni. Kada ki ɗauka abin ya zama sauƙi. Wata za ta yarda yau, ƙanwar mijinta ta zo gobe ta rushe. Wata za ta rage kanwa ta ƙara wuta. Sai kin faɗi magana ɗaya sau ɗari, da murmushi, ga mutanen da suka fi ki shekaru, ranar da ƙafarki ke ciwo da ranar da ba a biya albashi ba. Sababbin ma'aikata su zo da sababbin takardu masu hoto su tara 'yan mata a rumfa, ki nuna musu bishiya su dube ki kamar kin tsufa da wuri. Wasu matan sun rayu ta dalilin wannan zama a ƙasa, na san su, suna gaishe ni a kasuwa. Wasu kuma an yi komai daidai sun tafi. Na yi ritaya a gajiye, kuma ba tsayuwar dare ko nisan hanya ce ta gajiyar da ni ba, lallashi ne.

Can daga baya, a wani taron ƙara wa juna sani, na ji likitoci suna cewa wannan ciwon zuciya na masu jego yakan zo ko macen ba ta taɓa ɗanɗana kanwa ba. Kanwa da zafi suna iya ƙara masa nauyi, amma babu mai iya rantsuwa cewa su kaɗai ne. Wato abin da na yanke wa Inna hukunci a kansa a bakin rijiya, ni kaina ban san shi tabbas ba. Lokacin ta tsufa, ita ma jininta ya hau, ni nake ba ta magani kullum da safe. Ban taɓa samun mara lafiya mai biyayya irinta ba. Na ce ta bar gishiri ta bari, na ce ta bar goro ta bari, ba ta taɓa tambayar sunan ƙwaya ko amfaninta ba. A duk shekarun aikina ita kaɗai ce na canza wa hali gaba ɗaya, kuma da za a dawo mini da Innar da ke mayar mini da magana tana tankaɗe, da na karɓa da hannu biyu.

Da na dawo daga taron na same ta a ɗaki da safe. Na durƙusa, na ce mata likitoci sun gano ba lallai kunun ne ya kashe Rabi ba, ciwon kan zo da kansa. Na ce na yi mata ba daidai ba ranar suna, na yi mata ba daidai ba a bakin rijiya, ta yafe mini. Na jira ta yi fushi, ko ta yi kuka, ko ta ce ai dama ta sani.

"Duk yadda kic ce, Malama, haka na," ta ce.

Sannan ta buɗe tafin hannunta, ta miƙo mini in sa mata magani.